Kwabon kaka mai rubutu biyu-biyu

1/ Jama'a ku matso mu yi maganar tsofaffin kuɗin nan da ake ta yayatawa a TikTok da WhatsApp, wai in ka samu kwabo mai rubutu biyu-biyu ka warke. Abin ya shigo har gidanmu a Roni, shi ya sa na kasa yin shiru.

2/ Ƙanena ne ya buɗe adudun kakarmu ya tarar da wani ƙullin tsumma: anini mai huji, sisi, sule biyu, kwabon 1959, da kwabo 25 na 1973 mai hoton dalar gyaɗa. Ya haska kwabon 1959 da fitilar waya, sai ya ga lambobin kamar suna da inuwa. Shi ke nan, yaro ya daina barci.

3/ Wani a WhatsApp ya ce masa ai miliyoyi ne a hannunsa, akwai Baturen da zai saya, amma sai ya tura dubu 15 kuɗin rajista. Ya tura. Tun ranar lambar a kashe take.

4/ Abin da ya sa damfarar ke ci, akwai ƙamshin gaskiya a ciki. A 1955 gidan buga kuɗi na Filadelfiya a Amurka ya fitar da kwabonsu mai hoton Lincoln, shekara da rubutun duk a ninke. Kimanin 20,000 zuwa 24,000 suka shiga hannun jama'a. Yau ana sayar da ɗaya sama da dala dubu.

5/ To amma ninki iri biyu ne, kuma masu bidiyo ba sa faɗa muku. Ku tuna da hatimin ofis. In tun wajen sassaƙa shi aka ninka haruffan, duk takardar da aka buga za ta fito da ninkin nan sak. In kuwa hatimin lafiyarsa lau, hannun akawu ne ya zame, takarda ɗaya ce ta ɓaci.

6/ Haka kuɗin ƙarfe yake. Da hatimin ƙarfe ake buga shi. Shi kansa hatimin, a da sai an danna masa zanen fiye da sau ɗaya kafin ya zauna. In ya ɗan goce tsakanin dannawar farko da ta biyu, zanen ya zauna biyu a jikinsa har abada. Wannan shi ne ninkin hatimi, shi masu tara kuɗi ke nema.

7/ Na biyun zamewar inji ce. Hatimin ya yi sako-sako, yana bugawa ya ɗan yi tsalle ko ya ja gefe, ya ture ƙarfen harafin. Wannan ya cika ko'ina, kuma ba ya ƙara wa kwabo ko anini.

8/ Yadda za ka gane, ka samu madubin ƙara girma irin na masu gyaran waya. Ninkin hatimi: haruffan biyu duk a tashe suke, masu ƙoshi, tsayinsu kusan ɗaya, harafin ya yi kauri, kusurwarsa ta tsage kamar bakin almakashi.

9/ Zamewar inji kuwa, na biyun a baje yake, a ƙasa, kamar dakali a gindin bango. Harafin ainihi ma sai ka ga ya rame, don daga jikinsa aka yago naman. Na ƙanena dakali ne ƙarara. Na duba sau uku don kar in zalunce shi 😅

10/ Kuma ninkin hatimi ba ya zuwa shi kaɗai. Hatimi ɗaya yana buga dubbai, dole a samu 'yan'uwansa masu ninki a waje ɗaya, iri ɗaya. Wanda ya ce maka naka ne kaɗai a duniya, ka riƙe aljihunka.

11/ Tsufa ma ba shi ne tsada ba fa. Dalar azurfar nan ta Mariya Tereza da ake gani a hannun tsofaffi, ka ga 1780 ka rikice. Duk waɗanda aka ci gaba da bugawa bayan mutuwarta 1780 aka rubuta musu. Kwabo mai huji na 1936 mai sunan Sarki Edward na 8, wanda ya yi murabus a shekarar, miliyoyi aka buga.

12/ A ganina, ko ninkin gaske ka samu, masu nema ne ke yin farashi. Kwabon 1955 ya yi tsada ne don dubban Amurkawa na rububinsa, suna da littattafai da kamfanonin tantancewa. Mu nan dillalin WhatsApp muke da shi. Kuma mai saye na gaskiya shi ke biya, ba a biyansa.

13/ Abin da ya fi dubu 15 ɗin ƙona min rai: ƙanena ya dirje su duka da toka da lemon tsami wai su yi ƙyalli a hoto. Masu tara kuɗi ba sa son wankakke, wankin nan rage masa daraja yake. Don Allah kar ku wanke.

14/ Da kaka ta ji labari ba ta yi faɗa ba. Sulallan ta ɗauka ta juya su, ta ce daga cikin sadakinta ne, su biyun nan ta hana kanta kashewa. Ta ce a mayar mata da ƙullinta cikin adudu, ta karɓi makullin ta ɗaure a bakin zaninta.