Ba Kowane Jini A Bayan Gida Ba Ne Basir

Maganar yau tana da nauyi a baki, amma mun ga barinta ya fi faɗinta illa.

A watannin baya kwamitin sulhu na wannan ƙungiya ya zauna kan wani aure da ya kusa mutuwa. Ba za mu faɗi suna ko unguwa ba. Uwargida ta ce maigida ya daina kusantarta, dangi suka ce sammu ne, abokai suka ce basir ne. Sai da aka keɓe da shi ya faɗi gaskiya: shekara biyu yana fama da zawo mai jini da majina, da murɗar ciki, da rama, wani lokaci ya tashi sau biyar cikin dare. Kuɗin da ya zuba a maganin basir da na ƙarfin maza da sun kai shi Minna sun dawo da shi ba sau ɗaya ba.

A Kontagora, kamar sauran garuruwanmu, mun ɗora wa basir laifin komai. Ciwon baya basir, kasala basir, raunin mazakuta basir. Mai mota da lasifika ya tsaya a bakin kasuwa ko tasha, ya zayyano alamomin da babu magidancin da ba shi da ɗaya daga ciki, sai ka ga dattijo ya miƙa kuɗi yana waige-waige. Basir gaskiya ne, jijiyoyin jini ne na dubura ke kumbura, amma basir ba ya sa mutum zawo wata da watanni yana ramewa.

Akwai wata cuta da likitoci ke kira kumburin hanji mai daɗewa. Iri biyu ce: cutar Crohn, wadda aka sa wa sunan wani likitan Amurka da ya yi bayaninta a 1932, da kuma mai sa gyambo a babban hanji. Ba ƙwayar cuta ake ɗauka daga wani ba, garkuwar jiki ce ke afka wa hanjin mai ita. Takan lafa, ta sake tashi, kuma ta fi fara kama matasa. A nan ƙasar tana ɓuya a bayan atuni da tarin fuka na hanji, domin alamominsu sun yi kama.

To me ya haɗa hanji da shimfiɗa? Abubuwa da yawa. Wanda ke zubar da jini kullum jininsa zai yi ƙasa, ga gajiya. Kumburin da ya daɗe yana rage sinadarin namiji a jiki, haka ma maganin furednisolon idan aka daɗe ana sha. Tiyata a ƙarshen hanji na iya taɓa jijiyoyin da ke tayar da gaba. Sai kuma wanda a ganinmu ya fi duka cin rai, wato damuwa. Mutumin da ke tsoron kada ciki ya murɗa masa a gaban iyalinsa, ina hankalinsa zai kwanta? Idan hanjin ya samu sauƙi, sau da yawa ƙarfin yakan dawo.

Abin da ya fi ba mu tsoro shi ne maganin kan titi. Hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi kan magungunan ƙarfin maza marasa rajista. Wasu ana cakuɗa su da sinadarin da ke cikin Viagra ba tare da awo ba, kuma wannan sinadari idan ya haɗu da wasu magungunan ciwon zuciya yana iya faɗar da hawan jini har mutum ya sheƙa barzahu. Shi kuma mai ciwon hanji da ke sayen ibufurofen ko diklofenak a kemis saboda murɗar ciki, ƙara wa gyambon wuta yake yi.

Ba muna cewa duk mai rauni yana da wannan cuta ba. Ciwon suga da hawan jini sun fi ta yawa nesa ba kusa ba, kuma gwajinsu bai da tsada. Amma wanda zawonsa ya wuce wata guda, ko yake ganin jini yana ramewa, ya fara da Babban Asibitin Kontagora a gwada jini da bayan gida. In an tura shi Minna, ko Bida, ko Shika a Zariya domin a leƙa hanjin da na'ura mai kyamara, ya daure ya je. Kuma ya faɗa wa likita duka matsalolin biyu, kada ya tsaya kan ciki ya haɗiye ɗayar. Likita ya ji wadda ta fi taka.

Asusunmu na taimako yana fitar da kuɗi don suna da ta'aziyya ba gardama. A taron wata mai zuwa za mu kawo shawarar a ware wani kaso na kuɗin mota da gwaji ga irin waɗannan 'yan uwa, mutum biyu kacal su san sunan mai karɓa. Shi wancan ɗan uwa yana kan magani yanzu, matarsa kuma tana ɗakinta. Wanda ke da gyara kan shawarar ya same mu kafin ranar taro.

Sakatare