Rapor ne ake ba maki, ko hannun da zai yi aikin?

Ƴan uwa matasa, yau ina son mu taɓa wata magana da kowa ya sani amma ba a cika faɗinta a fili ba: istaj.

Kwanaki na je sutunans ɗin wani ƙanena a unguwa. Ya sha kwat, dangi sun cika zaure, an kawo lemu da fanke. Juri suka ba shi 17 bisa 20, aka yi guɗa. Bayan sati biyu famfon tura ruwa na gidanmu ya tsaya, na ce to, ga mai takardar lantarki a kusa. Ya zo ya duba, ya sosa ƙeya, ya ce wallahi yaya, wannan ba a nuna muna shi ba. Wani yaron bakin kasuwa da bai gama firamare ba shi ya gyara, cikin minti ashirin. Ban ga laifin ƙanena ba. Wata uku ya yi yana istaj, aikinshi ɗauko shayi da kai takardu fotokopi. Ranar ƙarshe aka buga mishi hatimi, shi ke nan.

To me aka auna ran sutunans? An auna iya rubutu da iya tsayuwa gaban mutane. Su ma abin yi ne, ban raina su ba. Amma malaman da suka ba da makin ba su taɓa ganin shi riƙe da waya ko fensa ba, wanda kuma ya gan shi a wurin aiki ba a tambaye shi komi ba, sa hannunshi kawai ake so. Rapor ɗin ma, mu faɗi gaskiya, sau nawa ake karɓar na wani babban yaya a canja suna da shekara?

A da jami'ar gwamnati ɗaya gare mu, Abdou Moumouni ta Yamai. A 2010 aka kafa ta Maraɗi, ta Damagaram da ta Tawa, a 2014 aka ƙara huɗu: Agadas, Difa, Doso da Tilaberi. Muka kuma shiga tsarin LMD, inda lisansi ke nufin kiredi 180 cikin shekara uku. Manufar tsarin nan ita ce a duba abin da ɗalibi ya iya. Mun ɗauki lissafin kiredin, awon ƙwarewar muka bari a baya.

Ku leƙa garajin duk da kuka so a Maraɗi. Ba a sallamar yaro don ya haddace sunayen kayan injin. Maigida zai ce, ga mota nan ba ta tashi, nemo ciwonta. Ya koma gefe yana kallo: ina yaron ya fara taɓawa, ya saurari ƙara, ya yi gaggawar kwance abin da lahiyarshi lau? Ba rana ɗaya ba, sau da yawa, a kan motoci daban-daban. Jarrabawa ce wannan, kuma ta fi tamu tsanani, tunda mai mota na tsaye yana jira.

Abin da nake ganin ya kamata mu nema ba shi da tsada sosai. Kafin ɗalibi ya tafi istaj, a rubuta ayyuka biyar ko shida da dole ya yi da hannunshi, makaranta da ma'aikata su sa hannu. Malami ya je ko sau ɗaya ya gan shi yana yi. Ran sutunans kuma, kafin jawabi, a aje mishi aikin: mai karatun kontabilite a ba shi tarin rasit ya fitar da lissafi, mai aikin gini a ba shi fili ya auna. Makin ya rabu, rapor ya ɗauki kashi kaɗan.

Na san abin da wasu za su ce, kuma suna da hujja. In makinka na hannun shugaban ma'aikata, ɗan wane zai samu 18, ɗan talaka ya samu 11, ƴan mata kuma su ƙara shiga hannun marasa tsoron Allah. Shi ya sa bai kamata mutum ɗaya ya riƙe alƙalamin ba. A sa mutum biyu ko uku, a rubuta dalilin kowane maki, ɗalibi ya samu damar ƙorafi. Sannan wuraren istaj ɗin kansu sun yi kaɗan, wannan gaskiya ce. Amma wa ya ce dole sai banki ko babban kamfani? Masu walda, masu gyaran sola, ƙungiyoyin manoma, duk wuraren koyo ne in an tsara.

Shi kuma yaron da ya gyara muna famfo? A Faransa, inda muka kwaso tsarin karatunmu, tun 2002 akwai dokar da ta ba mutum damar samun diplom bisa ƙwarewar da ya tara a wurin aiki, juri su auna shi. A nan muna da FAFPA da cibiyoyin koyon sana'a na CFM. Me zai hana irin wannan yaro ya je a gwada hannunshi a ba shi takardar da ma'aikatu za su yarda da ita?

Ku da kuka yi istaj bana, ku faɗa muna a ƙasa: wane aiki aka bari kuka yi da kanku, kuma wa ya gan ku kuna yi?