Wa Ya Rubuta Wannan Takardar?

'Yan'uwana mata, wallahi abin nan ya isa. Shekara da shekaru takardar nan ta "Shehu Ahmadu mai hidimar masallacin Madina" tana yawo a tsakaninmu. Da can hoton takarda ake rabawa a tasha da gidan suna, daga Tambuwal har Kebbe, yanzu kuma ta koma WhatsApp. Wai ya ga Manzon Allah (S.A.W.) a mafarki, wai wadda ta kwafa ta raba za ta yi arziki ta samu gida a Aljanna, wadda ta ƙi kuwa masifa ta sauka a kanta. Sai ka ga mace ta ɗebi kuɗin cefane ta kai wa mai fotokwafi don tsoro!

To ni tambayata ɗaya ce. Wane Ahmadu? Ɗan wa? Wa ya ji daga bakinsa? Shehu Bin Baz na Saudiyya, wanda ya rasu a 1999, ya yi rubutu musamman ya ce ƙarya ce tsagwaronta.

Kada wata ta ce tambaya rashin imani ce. Ku dubi maƙwabtanmu Kirista. Wasiƙu 13 ne ke ɗauke da sunan Bulus a Littafinsu, amma guda 7 ne masana suka haɗu a kan cewa shi ya rubuta: Romawa, Korintiyawa biyu, Galatiyawa, Filibiyawa, Tasalonikawa ta fari da Filimon. Tun 1807 wani malamin kirista Bajamushe, Schleiermacher, ya yi shakkar Timoti ta fari, ita ce mai hana mace koyarwa. Masu wannan ra'ayi sun ce kalmominta da tsarin shugabancin ikilisiya da ke cikinta sun fi kama da na bayan zamanin Bulus. Wasu malamansu ba su yarda ba, har yau ana muhawara, kowa da hujjarsa.

Mu da muka gaji ilimin isnadi, inda ake bin hadisi baki da baki kafin a karɓa, yaya za a yi takarda marar uba ta razana mu? Ku auna abin da take koyarwa ma. Yaushe kwafar takarda ta fi salla da riƙon amana? Haba jama'a!

Nana Asma'u 'yar Shehu ba tsoro ta aika wa matan ƙauye ba. Jajis ta tura da waƙoƙin da aka san mai su.

In takardar ta sake zuwa miki, kada ki tura. Ki tambayi malamarku ta Islamiyya, kuɗinki kuma ki saya wa yara littafi. Allah Ya ganar da mu, amin.