Amsar tana Zurmi, kun tafi nemanta Turai



Wani ƙanena da ya gama kwalejin kimiyya da fasaha ta Ƙaura Namoda ya je intabiyun neman aiki a Abuja. Aka tambaye shi: ya kamata gwamnati ta sa wa manyan kamfanonin fasaha irin su Meta da Google da TikTok linzami? Ya zazzago musu abin da ya haddace a kan dokokin Tarayyar Turai, ya dawo yana murna. Ni kuwa raina ya ɓaci. Yaron da ya yi watanni wayarsa ba sabis, wai sai ya je Turai aron misali!

Mu ne muka fi kowa sanin wannan zance. A watan Satumba na 2021, bisa roƙon gwamna Bello Matawalle, hukumar NCC ta umarci kamfanonin waya su kashe layukansu a duk faɗin Zamfara don a toshe wa 'yan bindiga hanyar sadarwa. Mako biyu aka ce. Gusau ta samu nata a farkon Oktoba, mutanen Shinkafi da Zurmi da Ƙaura suka ci gaba da jira. Na'urar POS ta tsaya, kasuwannin mako a rufe, mai son gaida mahaifiyarsa sai ya shiga mota ya bar jihar. Kafin nan, a watan Yuni, gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter bayan kamfanin ya goge wani saƙon Shugaba Buhari, ba a buɗe ba sai 13 ga Janairun 2022. Daga baya kotun ECOWAS ta ce matakin ya saɓa doka.

Don haka duk wanda ya ce mini “a bar wa gwamnati ta yi maganinsu”, sai in tambaye shi wane irin magani. Wanda muka sha a nan, makunni aka latsa, mai laifi da marar laifi duk suka kwana a duhu.

Amma masu cewa a ƙyale kamfanonin su ma ban yarda da su ba, kuma da su na fi faɗa. Kowa a zauren nan ya ga bidiyon 'yan bindiga a TikTok suna baje kuɗi da makamai, mutane na tururuwar kallo. Kowa kuma ya san marubuciyar da aka rufe wa shafi saboda wata kalma a labarinta da na'ura ta kasa fahimta. Ta rasa masu karatunta na shekaru, ta aika ƙorafi, amsar da ta dawo da Turanci ce kuma ba mutum ya rubuta ta ba. Ga masu ɗauke littafinki su karanta a YouTube su ci kuɗin talla, ke ko na kati ba ki gani ba. Kamfanin da ke cin riba da Hausarmu amma bai ɗauki isassun masu jin Hausa su duba abin da ake wallafawa ba, rainin hankali yake mana.

Akwai hanyar da ba ta makunni ba, kuma an gwada ta a ƙasar nan. A Yulin 2024 hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta ci Meta tarar dala miliyan 220 kan yadda yake sarrafa bayanan 'yan Najeriya. Kamfanin ya ɗaukaka ƙara, kotun sauraren irin waɗannan ƙararraki ta tabbatar da hukuncin a Afrilun 2025. An yi bincike, an ji ta bakin kowa, kuma ba wanda aka kashe wa WhatsApp. Irin wannan linzamin nake nufi. A ƙara da tilasta musu ɗaukar ma'aikata masu Hausa, da bayyana dalilin rufe shafi, da ba mutum damar kare kansa gaban ɗan Adam.

Da ƙanena ya faɗi haka, ko bai samu aikin ba, da na yi alfahari da shi.

Wanda ya rayu waɗancan watannin a Zurmi ko Shinkafi, ya rubuto mana shafi ɗaya kafin Juma'a: ina ka je ka kira waya, nawa ka kashe, wa ka kira.