Sakamako Ya Fito, To, Sai Ina?

Kowace shekara wajen watan Agusta, sa'ad da kogin Haɗejiya ya ke cika yana malala cikin fadamun Baturiya, a lokacin nan ne sakamakon jarrabawar WAEC ya kan fito, na NECO ya biyo baya. Wani yaro a yi masa barka, wani ya shige ɗaki ya ƙi cin tuwo. Abin da ya dame mu shi ne, bayan barka da jaje, da wuya a sami wanda zai zaunar da yaron ya tambaye shi inda ya dosa.

A zamanin En'e, yaron da ya fita Midil aikin malanta na jiransa. An soke En'e tun 1976, ofisoshi sun cika maƙil, amma har yanzu uba ba ya ganin ɗansa ya yi karatu sai ya gan shi bayan tebur. Wannan tunani shi ne ya kan sa a sayar da shanun huɗa don karatun da yaro bai zaɓa ba, ba kuwa zai iya ba.

To, hanya ba ɗaya ba ce. Wanda ya sami kiredit biyar, har da Turanci da Lissafi, ya kuma ci jarrabawar JAMB, ga Jami'ar Sule Lamido a Kafin Hausa, wadda aka kafa a 2013, ga kuma ta Tarayya a Dutse. Wanda darasi ɗaya ko biyu suka kayar, ya sake zama jarrabawar ƙarshen shekara, babu abin kunya a ciki. Wanda ya gwada sau biyu abin ya ƙi, a daina zuba kuɗi a rijiya, a kai shi koyon sana'a, domin ita ma tana da takardarta ta hukumar NABTEB.

Amma ga inda mu ke so a tsaya a yi tunani. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwan fadamar nan ta sāke. Ciyawar kacala ta toshe hanyoyinsa, inda a ke bukatarsa ya ƙi zuwa, inda ba a so ya kwanta. Ambaliyar 2022 kowa ya ga ɓarnar da ta yi. A 2008 aka sa dausayin Baturiya cikin wuraren da duniya ta yarda a kiyaye bisa yarjejeniyar Ramsar. Shin wa zai auna ruwan nan, ya zaɓi irin shinkafar da ta dace da shi, ya yi wa dabbobi magani, ya kula da kifi? Yaron da ya tashi cikin kwalekwale, ya san gonar da ruwa ya kan fara ci, lalle ya riga baƙo rabin karatun. Ga Kwalejin Binyaminu Usman nan a Haɗejiya, wadda asalinta makarantar aikin gona ce. Don me za a raina ta?

'Yan mata kuma kada a ce takardarsu ta ƙare a akwati. Kwalejin horon malamai ta Gumel, da ta aikin jinya a Birnin Kudu, da ta kiwon lafiya a Jahun duk a buɗe su ke, ƙauyukanmu kuwa suna ƙishin malamai mata da ungozomomi masu ilmi.

Saboda haka muna kira ga malaman makaranta da ma'aikatan ƙananan hukumomi, zama ku ne iyaye su ke kawo wa takarda ku karanta musu. Kada ku ce “ya ci” ko “ya faɗi” ku yi shiru. Ku dubi darasin da yaron ya fi ƙarfi, ku ji abin da ransa ya ke so, ku auna ƙarfin aljihun ubansa, sa'an nan ku faɗi gaskiya ko da ba ta yi daɗi ba. Ku fara tun yaro yana aji biyar, ba a fafe gora ranar tafiya.

Allah ya yi wa zuriyarmu albarka, amin.