Rana a kanmu, duhu a ɗakinmu: wasiƙa ga Ministan Ruwa da Makamashi

Zuwa ga Mai Girma Ministan Ruwa da Makamashi na Jamhuriyar Kamaru, Yawunde.

 Daga unguwar Dugoi ta birnin Marwa nake rubuto maka, kuma maganar da ta kawo ni ita ce wadda ba ta barin bakin mutanen Arewa tun daga watan Maris har saukar damina, wato maganar wuta.

Ka fi ni sanin cewa jihohinmu uku, Adamawa da Arewa da Arewa Mai Nisa, madatsar ruwa guda ce ginshiƙin wutarsu: Lagdo, wadda Sinawa suka gina a kan kogin Binuwai kudu da Garwa, aka kammala ta a 1982. Injinanta huɗu ne, ƙarfinsu duka megawat 72. A zamaninta ta wadatar. Amma Marwar wancan lokaci ba ita ce ta yau ba. Jami'a ta zo a 2008, unguwanni sun faɗaɗa, rikicin Boko Haram ya koro dubban mutane daga ƙauyukan kan iyaka zuwa cikin gari, gidan da a da fitila ɗaya ta ishe shi yanzu yana da fanka da firji da wayoyin da ke jiran caji. Ita kuwa Lagdo ta haura shekara arba'in, injinan sun tsufa, yashi da laka suna cin wurin ruwa a tafkin. Ga shi kuma abin da damina ta ba ta da shi take aiki. In ruwan sama ya yi ƙaranci, tafkin ba ya cika, kuma ba a ganin illar sai bazara, daidai lokacin da zafi ke wuce digiri 40. Wanda ya zauna a Arewa a 2021 bai manta da rabon wutar da aka yi unguwa-unguwa ba. In kuma ruwan ya yi yawa aka buɗe ƙofofin madatsar, 'yan'uwanmu na Yola da Makurɗi ne ke kwana a tsaye, kamar yadda aka gani a 2012 da 2022.

Bari in nuna maka yadda ɗauke wuta yake a ƙasa, don a takarda sa'o'i kawai ake ƙirgawa. A shekarun nan azumi ya riƙa faɗowa cikin bazara. Akwai matan aure da yawa a Dugoi da jarinsu duka firji ɗaya ne: su dafa zoɓo da kunun tsamiya tun safe, su ƙulla a leda, su jera, yara su fita da shi kafin shan ruwa. Ranar da wuta ta tafi da hantsi ba ta dawo ba sai dare, zoɓon ya yi ɗumi, ba mai saye, kafin gobe ya yi tsami, kuɗin sukari ya tafi. Tela yana zaune gaban keken wuta da tulin ɗinkin sallah, masu kaya suna leƙowa suna komawa. Mai walda ya tara ƙofofi da tagogi, yaransa suna kwance ƙarƙashin darbejiya. Mai injin niƙa ya rufe, kwanukan dawa sun yi layi a ƙofarsa, tuwon dare bai tabbata ba. Wanda ke da hali ya tada janareta, sai dai tun da Najeriya ta janye tallafin mai a watan Mayun 2023, zuwa-zuwa, wato fetur ɗin Najeriya da ake sayarwa a kwalabe bakin titi, ya daina zama man talaka. Manoman albasa na Meskin da gaɓar Mayo Tsanaga, waɗanda injin ban-ruwa ne rayuwar gonarsu, sun ji wannan a jikinsu fiye da kowa.

Ba zan ƙi faɗin alheri ba. Tashoshin hasken rana da kamfanin Scatec na ƙasar Norway ya kafa a Marwa da Gidar, masu ƙarfin kusan megawat 36 a haɗe, tare da manyan batura, sun kawo sauƙin da muka gani da idonmu. Sun rage dizal ɗin da ake ƙonawa a tashoshin injin irin na Jambutu a Garwa, man da sai an ɗauko shi tun daga kudu a kan doguwar hanya. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne yadda rana da Lagdo suke taimakon juna. Duk sa'ar da faifan sola ke ɗauke da garuruwa da rana tsaka, ruwan da za a saka ta injinan Lagdo yana nan a ajiye, sai a yi amfani da shi da dare, ko a ja shi har ƙarshen bazara. Watannin da tafkin ya fi ƙasa kuma su ne watannin da rana ta fi ƙarfi. Allah ya riga ya daidaita mana abin, saura mu.

To me ya hana a ninka? Wannan ce tambayata ta farko, ranka ya daɗe. Madatsar Bini a Warak kusa da Ngaundere, mai megawat 75, shekara da shekaru muna jin sunanta, an fara aiki an tsaya, an sauya ɗan kwangila, har yau ba ta kunna ko ƙwan fitila ɗaya ba. Tashar rana kuwa cikin watanni ake kafa ta. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Fili muna da shi, ƙasar hardé da ta ƙeƙashe ba ta fid da ko ciyawa tana nan shimfiɗe a kewayen Marwa. Kuma tashoshin da ke akwai haya aka ɗauko su. Haya ba laifi ba ce in ana gaggawa, amma jama'ar jihohi uku sun cancanci a gaya musu shirin da aka yi na dindindin, da yawan baturan da za a ƙara, domin bukatar gidaje ta fi tsanani daga magariba zuwa tsakar dare, lokacin da rana ta riga ta faɗi.

Mun ji daɗin kammala Nachtigal a kan kogin Sanaga, megawat 420, kusan Lagdo shida. Sai dai layin wutar kudu da na arewa ba a haɗe suke ba, don haka wannan arziki bai ƙetaro mana ba. Tun 2020 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 385 don aikin da zai haɗa layukan biyu, ya kuma kai wuta har Chadi. Muna son maƙwabtanmu su samu. Abin da muke tsoro shi ne babban layi ya bi ta kanmu zuwa Njamena alhali a cikin unguwa tiransifoma ɗaya ke ɗauke da gidajen da suka ninka ƙarfinta, turakun katako kuma gara ta cinye gindinsu, iskar farkon damina na kayar da su. Wutar da ta iso bakin gari ba ta shiga gida ba, ba ta amfani tela da komai. A faɗa mana ranar gama layin, a kuma sa kuɗin gyaran layukan cikin gari a lissafi ɗaya da shi.

Akwai kuma makamashin da ba a cika ambatonsa a tarurruka ba, alhali shi ne na kowace rana: icce da gawayi. Tukunyar mafi yawan gidajen Dugoi a kan murhun duwatsu uku take. Kullum da safe kekuna da amalanke da motoci suna shigowa Marwa da itace, kuma duk wanda ya daɗe a garin ya san dajin da ake sarowa yana ƙara nisa, dami yana ƙara tsada yana ƙanƙancewa. Shirin Sahel Vert da aka fara tun zamanin Ahmadu Ahijo, aka farfaɗo da shi a 2008, ya ba mu inuwar da muke alfahari da ita a titunanmu, amma dashe ba zai cim ma sara ba muddin tuwon gari guda a kan icce yake dahuwa. Uwargida da ke tsugune cikin hayaƙi da goyo a baya, idonta na hawaye, ƙirjinta na ɗaukar abin da asibiti zai gani daga baya, ita ma maganar makamashi mai tsabta ta shafe ta, har ta fi shafarta.

Gwamnati ta tsayar da farashin cikon tukunyar gas mai kilo 12.5 a kan sefa 6,500, kuma wannan taimako ne. Amma ba cikon ne ke korar talaka ba, kuɗin shiga ne: sayen tukunyar kanta da murhunta a tashi ɗaya. Mai sayen iccen sefa ɗari biyu kullum ba shi da wannan dunƙulen kuɗi, ko da lissafin wata zai nuna masa gas ya fi sauƙi. A yawaita ƙananan tukwane, a buɗe hanyar biya kaɗan-kaɗan ta ƙungiyoyin mata da ke adashe tun da can, a horar da maƙeran Marwa su ƙera murhu mai tsimin icce ga wanda gas bai kai gare shi ba. Maƙeranmu sun iya, kasuwa suke nema.

Kafin duk waɗannan su tabbata, akwai abin da ba ya bukatar bashin kowane banki. In rabon wuta ya zama dole a bazara mai zuwa, a fitar da jadawali unguwa-unguwa, a karanta shi a rediyo da Fulatanci da Hausa da Faransanci, a kuma tsaya a kansa, don mai zoɓo ta san ranar da za ta dafa, mai walda ya san sa'ar da zai kira yaransa.

Allah ya taimaki Minista, ya yi maka jagora.

Naka,
Wani mazaunin Dugoi, Marwa.