Mun Iya Cin Kofi, Ba Mu Iya Riƙe Kulob Ba

A shekarar 1988 Ranchers Bees ta Kaduna ta kai wasan ƙarshe a gasar Afirka ta ƙungiyoyin da suka ci kofin ƙalubale a ƙasashensu. Bizertin ta Tunisiya ce ta tare mata hanya, da ƙwallo ɗaya tak a wasanni biyu na gida da waje. Shekara na zagayowa, a 1989, ta doke ASEC ta Abijan ta ɗauko kofin ƙungiyoyin Afirka ta Yamma ta kawo shi Kaduna. Wannan ƙungiya ce da ta faro a matsayin ta ma'aikatan masana'antar ƙera makamai ta soja, ana kiranta DIC Bees, kafin Alhaji Muktar Aruwa ya karɓe ta ya sauya mata suna. Ta buga wasan ƙarshe na kofin ƙalubale a 1983 da 1987. A cikinta Daniel Amokachi ya fito, ya wuce Club Brugge ta Beljiyam a 1990, daga can Everton, har ya ciyo wa Najeriya zinare a gasar Olamfik ta Atlanta a 1996.

To, ina tambaya: da duk wannan suna, me aka gina? Ƙungiyar da ta girgiza Afirka ta shafe shekaru da dama tana watangaririya a ƙananan rukunai, har aka haifi yara a Tudun Wada da Kawo suka girma suna jin sunanta a matsayin sunan filin wasa kawai. Abin kunya ne, kuma babu wanda ya yi mana wannan aika-aika sai mu kanmu.

Da a ce Ranchers kaɗai ce, da sai mu ce tsautsayi. Mighty Jets ta Jos, wadda Alhaji Isyaku Ibrahim ya ɗauki nauyinta, ita ta ci gasar lig ta ƙasa ta farko a 1972, amma ta daɗe tana fama a ƙasa. Raccah Rovers ta Kano ta zama zakarar Najeriya a 1978, yau sai dai a ji labarinta a bakin dattawa. Kaduna United ta doke Enyimba ta ci kofin ƙalubale a 2010, ba a yi wasu shekaru ba ta faɗo daga babban rukuni. Labari ɗaya ne ake maimaitawa, garin da sunan kawai ke sauyawa: a tashi da ƙarfi, a ci kofi, a yi rawa a gidan gwamnati, sannan a watse.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Muna kafa kulob a kan aljihun mutum ɗaya. Ranar da kasuwarsa ta ja baya, ko hankalinsa ya koma siyasa, ko ya kwanta dama, kulob ya zama maraya. Babu fili nasa na kansa, babu makarantar horar da yara, babu kwamitin amintattu, babu asusun da zai riƙe shi ko na kaka guda. Attajiran da suka kashe dukiyarsu a kan waɗannan ƙungiyoyi sun cancanci yabo, amma gaskiya ɗaya ce: sun sayi 'yan wasa, ba su kafa ma'aikata ba. Kuma waɗanda suka zo bayansu, da suka fi su kuɗi nesa ba kusa ba, ko sayen 'yan wasan ma ba su yi ba.

Da attajirai suka janye sai gwamnatocin jihohi suka karɓa, nan ne kuma aka ƙarasa kashe maganar. Kulob ɗin gwamnati a Arewa kujera ce ta sakayya. Wanda ya yi wa jam'iyya hidima a zaɓe shi ake naɗawa shugaba, ko da bai taɓa sanin yadda ake rubuta kwantiragin ɗan wasa ba. Sabon gwamna na hawa a rushe shugabanci, a kori koci, a sallami rabin 'yan wasa, a ɗebo sababbi. Ana gobe za a tafi wasa Aba ko Fatakwal ake bin takardar neman kuɗin mota daga wannan ofis zuwa wancan. A cusa samari cikin bas su kwana a hanya, su sauka da kumburarrun ƙafafu su shiga fili, in an ci su a ce ba su da kishi. Albashi ya maƙale, kuɗin sa hannu ya zama alkawarin da ba ranar cika shi. Wanda ya karye a fili shi da Allahnsa da danginsa. Ku da kuke zaune a kan waɗannan kujeru, wannan zalunci ne, kuma haƙƙin gumin yaran nan yana wuyanku.

Na san amsar da ake bayarwa: wai ƙwallon gida ba ta kawo kuɗi, kuma ƙaramin kulob ba shi da ta cewa a gaban manya. To ku dubi Ikenne, ƙaramin gari a Jihar Ogun wanda yawan jama'arsa bai kai na wasu unguwannin Kano ba. Kunle Soname ya kafa ƙungiyarsa a Legas a 2004 da sunan FC Dender, daga baya ta koma Remo Stars ta tare a Ikenne. Ta hau babban rukuni ta faɗo, ta sake hawa ta sake faɗowa. Bai rufe ta ba, bai sayar da gurbinta ba. Ya gina filin wasa nata na kanta, da masaukin 'yan wasa, da ƙungiyar mata, da makarantar yara mai suna Beyond Limits, wadda ta je Italiya a 2024 ta ci kofin matasa na Viareggio. Remo Stars ta zo ta biyu a lig a 2023 da 2024, sannan ta ɗauki kofin a 2025. Rabon da kulob mai zaman kansa ya yi haka tun Ocean Boys a 2006. Wani zai ce ai da kuɗin caca aka yi, tunda mai kulob ɗin shi ne shugaban Bet9ja. Na ji. Babu mai cewa ku bi hanyar samun kuɗinsa. Amma ku da kuke da kuɗin shinkafa da taki da mai da gidaje, wa ya hana ku gina fili ɗaya da ɗakin kwanan yara talatin? Shekara ashirin da ɗaya ya yi yana haƙuri. Mu kuwa koci ya faɗi wasa uku a jere, an fara neman wanda zai gaje shi.

Maganar cewa babu kuɗi ma rashin sanin sana'ar ne. Dokar FIFA ta tanadi cewa duk lokacin da aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, kashi biyar cikin ɗari na kuɗin a raba shi ga ƙungiyoyin da suka horar da shi tun yana shekara 12 har zuwa 23. Amma sai da shaidar rajista ake biya. Yaran Kaduna da Kano da Jos nawa ne suka fita Turai ta hannun dillalai, ba takarda, ba rajista, kulob ɗin da ya raine su bai ga ko sisi ba? Ƙungiyar da ba ta iya ajiye fayil ɗin ɗan wasa ba, ba ta da bakin kukan talauci.

Ku ma magoya baya, kada ku ɗauka kun tsira. Mutum zai biya kuɗin gidan kallo duk mako saboda Arsenal ko Barcelona, ya sayi rigarsu, har ya yi gaba da maƙwabcinsa a kansu. Ranar wasan gida kuwa sai ya haura katanga, ko ya tsaya a ƙofa yana jiran wani babba ya ce a buɗe kyauta. In ya shiga kuma, a ganinsa haramun ne baƙo ya ci wasa a gidansa, sai jifa da dukan alƙalin wasa. A 2022 an farfasa motar Katsina United a Kano, aka ci tarar Kano Pillars, aka cire mata maki, kuma a ƙarshen kakar ita da Katsina United duk suka faɗi. Kano Pillars da ta ci lig sau huɗu, a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, masu cewa suna sonta ne suka taimaka wajen tura ta rami. Wane kamfani ne zai sa sunansa a rigar kulob ɗin da kullum ana rufe masa fili?

Ƙarshen wannan hali na neman hawa ba tare da gini ba mun gan shi a Bauchi a watan Yulin 2013. A wasannin neman gurbin ƙarin girma, Plateau United Feeders ta ci Akurba 79 da nema, Police Machine ta ci Babayaro 67 da nema, a rana guda. Duniya ta yi mana dariya, hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa ta haramta wa 'yan wasan buga ƙwallo har abada, ta dakatar da ƙungiyoyin na shekara goma. Waɗanda suka tsara abin manya ne, amma yaran talakawa ne sana'arsu ta mutu.

A 'yan shekarun nan Sadiq Umar, ɗan Kaduna da ya yi suna a Sifaniya, ya shiga cikin masu mallakar Ranchers Bees. Madalla. Amma shi da duk wani mai riƙe da kulob a Arewa su ji da kyau: hawa babban rukuni ba shi ne aikin ba, waɗanda suka gabace ku sun hau fiye da nan. Ku yi wa kulob rajista a matsayin kamfani mai hannun jari, ku mallaki fili, ku buɗe makarantar yara ku yi musu rajista, ku biya albashi ƙarshen wata, ku bayyana kuɗin shiga da na fita a ƙarshen kaka. Gwamnoni kuma su sayar da hannun jarin ƙungiyoyin jihohi ga 'yan kasuwa da magoya baya, su tsaya ga gyaran fili da tsaro. Wanda ba zai iya wannan ba ya sauka ya ba masu iyawa wuri, ya daina wasa da rayuwar 'ya'yan mutane.